RA'AYINMU: Gumin Mai Fassara, Ribar Kamfani

Wataƙila wasu 'yan uwa su yi mamakin ganin wannan jarida ta ɗauko zancen littattafan labari cikin zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga. Da yawansu ma ba za mu so su shiga hannun 'ya'yanmu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ma'aikacin da ke bayansu, domin kuwa zalunci sunansa zalunci, ko a kan wa ya faɗa.

Littafi guda yakan kusan kai shafi 200. Kafin ya isa hannun mai karatu a Amurka sai wani ya fassara shi daga Japananci, wani ya goge rubutun asali ya zuba sabo a cikin zanen, wani kuma ya tace. Akasarin waɗannan bayin Allah ba ma'aikatan kamfani ba ne, 'yan ƙwadago ne masu zaman kansu da ake biya gwargwadon shafi. Babu albashi, babu fansho. Idan suka makara da aiki a ga laifinsu, idan kuwa kamfani ya makara da biya sai su haɗiye, don gudun kada a hana su littafi na gaba. Ranar da kamfani ya durƙushe kuma, kamar yadda Tokyopop ya dakatar da buga littattafai a Amurka a 2011 bayan karyewar shagunan Borders, aiki ya yanke ke nan dare ɗaya.

Wajen wannan lokacin ne kamfanin Digital Manga ya ɓullo da wani tsari mai suna Digital Manga Guild, inda masu fassara za su yi aikin ba tare da an ba su ko sisi a hannu ba, sai wani kaso idan littafin ya sayu. To mu dai a fiƙihun da muka karanta a zaure, sharaɗi ne a ijara lada ya zama sananne tun kafin a soma aiki. A nan kuwa ma'aikaci ya zuba makonni, bai san ko zai samu ba, bai san nawa ba, alhali littafin lissafin yana hannun mai kamfani. An ɗora wa mai rauni hasara, an sa mata suna haɗin gwiwa!

Sai a watan Nuwamban 2024 Japan ta fara aiki da dokar da ta wajabta bayyana sharuɗɗan aiki a rubuce, da biyan irin waɗannan ma'aikata cikin kwana 60. Ba a yi shekara ba, a Yunin 2025, hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta ja kunnen Shogakukan, ɗaya daga manyan kamfanonin manga, saboda saɓa wannan doka a kan marubuta da masu ɗaukar hoto na mujallunsa. Idan haka aka yi wa na gida, yaya mai fassara da ke wata ƙasa, wanda ba ya da kuɗin lauya?

Kuma ba rashin kuɗi ba ne. A 2024 wani sabon kamfani mai suna Orange ya tara kusan yen biliyan 3 don kwamfuta ta riƙa fassara manga, kuma Shogakukan na cikin waɗanda suka zuba jari. Ƙungiyar masu fassara ta Japan ta fito ta nuna rashin amincewarta. Mutum dai za a sake kira ya gyara shirmen na'urar, sannan a ce masa ai gyara kawai ya yi, a rage masa lada.