Kura da shan bugu: yadda aka raba Monreyal da ƙungiyarta

A watan Oktoba na 2025 kamfanin Netflix ya fitar da wani fim wanda sunansa tambaya ce: wa ya kashe ƙungiyar Expos ta Monreyal? Masu kuɗin da ke riƙe da wasan besbol a Amurka sun daɗe da tanadar wa wannan tambaya amsa. Cewa suke mutanen Monreyal ne suka juya wa ƙungiyarsu baya, suka bar kujeru wayam, har ya zama tilas a ɗauke ta zuwa Washinton. Amsar nan ƙarya ce da aka yi wa ado da alƙaluma, kuma ya kamata duk mai hidimar harshe da al'ada ya san inda aka ɗinke ta.

Besbol wasa ne na jifa da bugu: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da kulki, ya zagaya matsayai huɗu a guje kafin abokan hamayya su kamo ta. A Amurka ya girma, da Ingilishi ya yi wayo. Sai a 1969 babbar gasarsa ta ƙetare iyaka karo na farko, ta kafa ƙungiya a Monreyal, babban birnin kasuwanci na lardin Kebek a Kanada, inda akasarin jama'a da Faransanci suke magana. Wasan ba baƙo ba ne a garin, domin a can Jackie Robinson ya yi wasa a 1946, shekara guda kafin ya fasa shingen wariyar launin fata a babbar gasa.

Abin da mutanen Kebek suka yi wa wannan wasa shi ne abin lura. Ba su karɓe shi da kalmominsa na aro ba; sun raɗa wa kowane sashe nasa suna da harshensu. Mai jifa ya zama lanceur, mai tsaron bayan fili voltigeur, bugun da ke tsallake katanga circuit, jifar da ke rawa a iska kamar malam-buɗe-littafi kuwa balle papillon. Jacques Doucet ya shafe fiye da shekara 30 yana ba da labarin wasannin Expos a rediyo, shi da abokan aikinsa suka shigar da kalmomin nan cikin ɗakuna da motoci har yara suka tashi da su a baki. Malamin da ya taɓa zaman neman kalmar Hausa ga wani sabon abu ya san nauyin wannan aiki: ƙirƙirar kalma da sauƙi, sa jama'a su riƙe ta ne wuya. Jama'a sun riƙe. Sun sa wa ƙungiyar suna Nos Amours, wato masoyanmu. Ɗan wasa Rusty Staub, Ba'amurke mai jan gashi, ya koyi Faransanci don ya yi magana da su, suka saka masa da laƙabin Le Grand Orange. Tsakanin 1979 da 1983, sau huɗu ƴan kallo suna haura miliyan biyu a shekara. Waɗannan ne mutanen da ake cewa ba su san darajar wasan ba.

Ga yadda aka bi da su. A 1994 Expos ce kan gaba a duk gasar, ta ci wasa 74, an cinye ta 40, ƙarƙashin jagorancin Felipe Alou. Ran 12 ga Agusta ƴan wasa suka shiga yajin aiki saboda rikicin albashi da masu ƙungiyoyi, aka soke gasar ƙarshe, abin da ba a taɓa gani ba tun 1904. Da aka dawo a 1995, masu Expos suka rabu da manyan ƴan wasa huɗu cikin ƴan kwanaki. Pedro Martínez ya karɓi lambar gwanin jifa a 1997, a shekarar aka miƙa shi ga Boston. A 1999 Jeffrey Loria, dillalin zane-zane daga New York, ya karɓi ragamar ƙungiyar. Kakar 2000 ta wuce ba a nuna wasanninta a talabijin na gida ba. A ƙarshen 2001 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'ar rushe ƙungiya biyu, kowa kuma ya san Expos na ciki. A 2002 sauran ƙungiyoyi 29 suka saye ta kan miliyan 120 na dalar Amurka, watau abokan hamayyarta suka zama iyayen gidanta. A 2003 da 2004 aka kwashe wasanni 22 na gida kowace shekara zuwa tsibirin Porto Riko.

Gaskiya ne a 2001 waɗanda ke zuwa kallo ba su kai 8,000 a wasa ba. Gaskiya ne filin Olimpik ba wurin daɗin zama ba ne, kuma ƙungiyar tana samun kuɗin Kanada tana biyan albashi da na Amurka. Amma wanda aka faɗa wa shekara da shekaru cewa gidan nan rushe shi za a yi, ba a zarge shi don bai sayi sabuwar tabarma ba. Masu ƙungiyar sun nemi gwamnatin Kebek ta zuba kuɗin jama'a a sabon fili. Lucien Bouchard, shugaban gwamnatin lardin, ya ƙi, domin a lokacin asibitoci ake rufewa. Birnin Washinton ya yarda, ya kashe fiye da miliyan 600 a fili. A 2006 aka sayar da ƙungiyar kan miliyan 450. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tushen ɓarnar shi ne ɗaukar wasa tamkar hajar nishaɗi kurum, irin fim ɗin da ake kaiwa duk gidan silimar da ya fi biya. A wannan lissafi magoyin baya mai sayen tikiti ne, ana iya musanya shi da wani a wani gari. Kalmomin da ya ƙirƙira da rediyon da ya saurara tare da mahaifinsa ba su da gurbi a takardar ciniki. Ran 29 ga Satumba 2004, ranar da aka sanar da ƙaurar, mutum fiye da 31,000 suka je wasan ƙarshe. A 2014 aka kawo wasannin gwaji biyu na wasu ƙungiyoyi a filin nan da aka ce ya kori jama'a, mutum fiye da 96,000 suka hallara.

Abin takaicin ma, kasuwar da ta ƙwace ƙungiyar ba ta saki magoya bayanta ba, sai ta koma sayar musu da kewarsu. Ana buga hula mai tambarin Expos ana sayarwa, alhali tambarin yana hannun waɗanda suka ɗauke ƙungiyar. A Yulin 2019 ƙungiyar Washinton ta shiga fili sanye da tsohuwar rigar Expos don burge ƴan kallo, a shekarar kuma ta ci kofin da Monreyal ba ta taɓa ɗagawa ba. Abu guda aka bar wa birnin: Youppi, dodon wasa mai gashin lemo da ke tsalle-tsalle yana ba yara dariya tun 1979. A 2005 ƙungiyar Canadiens ta wasan ƙanƙara ta ɗauke shi aiki, aka tuɓe masa rigar besbol aka sa masa wata.