Kafin a zargi iri, a zazzage buhun

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyata ta aiko 'yarta ta kira ni. Na tarar da ita tsaye a kan buhunan tumatir ɗinta guda goma sha biyu da ta jera a gindin katanga, ganyen duk ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Malama, dubi abin nan don Allah," in ji ta. "Safe da yamma nake ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. Shekaranjiya ma na ƙara musu taki. Ni dai na ce ko baki ne, don duk wadda ta shigo gidan nan sai ta yaba. Ko kuma irin ne aka cuce ni da shi."

Na ce, "Ƙanwata, ki yafe mini buhu ɗaya." Muka kwantar da shi a kan siminti muka farke. Ƙasar ta fito a dunƙule, sumul, kamar wadda aka kwaɓa za a yi tubali. Daga tsakiya zuwa gindi jagwab take, tana tashin wari irin na kwata. Saiwar da ya kamata a gan ta fara sol ta koma ruwan ƙasa, ina ja tana saɓulewa a hannuna. A saman ƙasar kuwa, da bakin buhun, ga wani farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa. Na tambaye ta inda ta samo ƙasar, ta ce daga inda ake haƙa tushen ginin wani gida a bayan layinmu yara suka ɗebo mata.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da ilimin aikin gona a makarantar 'yan mata kafin in ajiye aiki, kuma tun da tsadar kayan miya ta sa mata suka rungumi noman buhu, musamman bayan abin da muka gani a tsakiyar 2024 lokacin da tumatir ya gagari talaka, na shiga gidaje da dama a unguwarmu a nan Kano. Abin da nake gani kusan iri ɗaya ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Muna ta kiran mata su yi shuka a gida, a rediyo da wayoyin hannu da tarukan ƙungiyoyi, ana raba iri, ana raba buhu, ana ɗaukar hoto. Amma abin da za a zuba a cikin buhun, wanda shi ne gidan da saiwa za ta zauna har ƙarshen ranta, an bar shi kamar ba komai ba ne. "Ki samo ƙasa ki haɗa da taki." Iyakar bayanin ke nan. Idan shukar ta mutu, sai mace ta ɗauka ita ce ba ta da hannun shuka, ta tattara buhunan ta zubar, ba ta ƙara gwadawa ba.

Ƙasar da ta yi albarka a gona ba dole ta yi a buhu ba. A gona, ruwan da ya yi yawa yana da inda zai gangara, saiwa tana da inda za ta bi ta nemi sanyi ko danshi, tana da gara da tana da sauran ƙwari suna huda mata hanyar iska. A buhu an tsare ta a ɗaki ɗaya. Idan ƙasar laka ce ko jar ƙasar gini, kowane ban ruwa ƙara danne ta yake yi, har ƙananan ramukan da iska ke zama a ciki su toshe. Saiwa kuwa numfashi take yi kamar ni da ke. Idan ta kwana biyu a nutse sai ta fara ruɓewa, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa. Sai ganye ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe sharkaf. Mai shukar ta ga yaushi, tausayi ya kama ta, ta ƙara ruwa. Nan ne mafi yawan tumatir ɗin unguwarmu ke ƙarewa, a hannun masu ƙaunarsa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Kafin ki ɗauki buta, ki cusa yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki ajiye butar. Ki ɗan ɗaga buhun ki san nauyinsa idan ya sha ruwa da nauyinsa idan ya bushe; cikin mako guda hannunki zai haddace. Ki huda gindin buhun da gefensa na ƙasa, ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don kada ya zauna cikin ruwan da ya fitar. Akwai wata shawara da ke yawo, wai a zuba tsakuwa a gindin bokiti don ruwa ya wuce. Ba ta aiki yadda ake zato. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin tsakuwa, tsayawa yake yi a samanta, sai ya zama kin rage wa saiwa wurin zama kin kuma matso mata da jiƙaƙƙen wurin kusa. Ƙasar ce gaba ɗayanta za a sassauta, daga sama har ƙasa.

Sai farin ɓawon nan. Takin zamani irin NPK gishiri ne a asalinsa, yuriya ma kamar gishiri take aiki a ƙasa. Manomin Kura ko Kadawa zai watsa shi a fili mai faɗi, ruwan rani ko na damina ya narkar da shi ya raba. Mace a gida kuma sai ta ɗebo cikin tafin hannu ta zuba a gindin tumatir ɗaya, a ƙasar da ba ta wuce cikin bokitin fenti ba. Yuriya kaɗai kashi 46 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, ƙaramin cokalin shayi ma ba wasa ba ne a buhu ɗaya. Shuka ta ɗauki abin da za ta iya, ruwa ya bi iska, gishirin ya zauna. Yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙasar ta fi saiwar gishiri, sai ta koma tana zuƙe ruwa daga jikin saiwar. Alamar farko ita ce bakin ganye ya ƙone ya bushe. Wadda ba ta sani ba sai ta ce yunwa ce, ta ƙara taki. Abin yi shi ne a kankare ɓawon, a tuttula ruwa mai yawa a hankali har ya riƙa fita ta gindi sosai, sannan a ɗaga wa taki ƙafa na mako biyu. Amma wanke ƙasa haka sai a buhun da ruwa ke wucewa. A irin na maƙwabciyata ƙara nutsar da saiwar kawai za a yi.

Na fi jin takaicin maganar takin gargajiya, domin abu ne da iyayenmu suka sani sarai muka bari ya suɓuce. Ba wanda ya taɓa ganin tsohon manomi ya kwashi ɗanyen kashin kaji ya zuba a gindin yabanya. Tara shi ake yi, a yayyafa ruwa, a juya, ya yi zafinsa ya huce, wata biyu ko uku, sai ya koma baƙi, ba wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyensa ƙona saiwa yake yi. Yanzu kuma kashin kajin gidan gona da ake sayarwa a buhu haɗe yake da garin katako, shi kuwa garin katako in bai ruɓe ba, ƙwayoyin halittar da ke cinye shi suna kwashe naitirojin ɗin ƙasar su bar shuka da yunwa. Kin zuba taki, ganye yana ta yin ɗorawa, kina mamaki.

Ganye yana faɗin abin da ke damunsa ga mai lura. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka fara yin ɗorawa gaba ɗayansu, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci, domin shuka tana kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. Idan kuwa sabon toho na sama ne ya yi fari-fari amma jijiyoyinsa suna nan kore, to sinadarin ƙarfe ne bai isa ba, kuma sau da yawa yana nan cikin ƙasar, an kulle shi ne. Abin da ke kulle shi kuwa shi ne ƙasa ta karkata wajen kanwa. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke kira pH, daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Tumatir ya fi son tsakanin 6 da 6.8, wato ɗan tsami-tsami. Toka tana tura ƙasa wajen kanwa da sauri, mu kuwa mun ɗauke ta maganin komai, kullum aka share murhu sai a juye a gindin shuka. Ruwa ma yana yin haka. Ki leƙa cikin butar da kike tafasa ruwan shayi: in kin ga farin abu ya kama gindinta, ruwan rijiyarku ko na bohol ɗinku yana ɗauke da farar ƙasa, kuma abin da ya tara a buta shi yake tarawa a buhu. Mai irin wannan ruwa ta tari na sama duk lokacin da ya samu. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa, wanda wasu ke juyewa a shuka don tattalin abin da suka saya a hannun mai garuwa, na san dalilinsu kuma ina tausaya musu, amma sabulun da ke ciki kashe ƙasar buhu yake yi a hankali.

Wani ɗan yayata da ke karatu a Kanada ya ba ni labarin da ya tsaya mini a rai. Tun watan Oktoba na 2018 dokar ƙasar ta halatta tabar wiwi ga manya, har a yawancin lardunanta gida ɗaya na iya shuka guda huɗu. Ya ce masu wannan shuka a cikin ɗaki ba sa zuba ruwa sai sun auna shi, suna tarar wanda ya fito ta gindin tukunya su sake aunawa, kuma in ganye ya canza launi ƙasar suke fara tuhuma. Ni ba na fatan wannan doka ta zo mana. A nan laifi ne da hukumar NDLEA ke kama mutum a kansa, kuma na ga abin da wiwi ya yi wa 'ya'yan mutane a unguwarmu. Abin da ya dame ni shi ne a ce ganyen maye ya samu wannan kulawa a wata ƙasa, mu kuma abin da za mu sa a tukunyar miyar 'ya'yanmu mun bar shi ga ƙasar tushen gini.

Ƙasar bola ma ina jan kunne a kanta. Gaskiya ne manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a kan jakuna suna kai wa gona, kuma ta riƙe musu ƙasa shekaru aru-aru. Amma sharar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Ta yau akwai matattun batura a ciki, da leda, da baƙin mai, da abin da ba a sani ba. Alayyafo da latas kuwa ganyensu ake ci. Haka kuma wadda ta tumɓuke tumatir ko kuɓewa ta ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, ta sani wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma suna nan a ƙasar suna jiran shuka ta gaba. A nan Allah ya ba mu magani kyauta. A watan Maris ko Afrilu a baza ƙasar, a jiƙa ta, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne bakinta, a bar ta a rana mako huɗu zuwa shida. Zafin yana rage su ƙwarai, har da irin ciyawa.

Abin da nake amfani da shi a gidana ba wani abin a zo a gani ba ne: kwano biyu na ƙasar jigawa mai kyau daga saman gona, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi amma bai zama toka ba. Ɓuntun shi ke hana ƙasar dannewa. Duk wanda ya bi ta Kura ya ga tulinsa a bayan injinan casar shinkafa. A manyan shagunan kayan gona kuma ana sayar da garin ɓawon kwakwa, wanda yawancinsa a duniya daga Indiya da Siri Lanka yake fitowa, da tsada, kuma sai an wanke shi saboda gishirin da wani ke zuwa da shi. Me zai hana matasanmu su riƙa babbaka ɓuntu, su ruɓar da taki, su haɗa ƙasar shuka a ƙananan buhuna su kai kasuwannin 'Yankaba da Rimi, a gefen masu sayar da iri? Me zai hana malaman gona na hukumar KNARDA, da duk ƙungiyar da ke raba wa mata iri, su ware rabin sa'a a kowane taro a farke buhu ɗaya a gaban kowa, a taɓa ƙasar, a shinshina, a ga bambancin farar saiwa da ruɓaɓɓiya? Ban ce babu cuta ko ƙwari ba. Mun ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016, kuma zafin Afrilu kaɗai yana sa fure ya zube. Amma waɗannan ana ganinsu da ido a sama. Na cikin buhu ne ba mai dubawa.

A buhuna goma sha ɗaya da suka rage wa maƙwabciyata, biyar ne muka samu da sauran farar saiwa. Da yamma, bayan rana ta yi sanyi, muka ciro su a hankali, muka yanke ruɓaɓɓen, muka mayar da su a sabon haɗi, muka ja su inuwar darbejiya na kwana huɗu. Na hana ta taki har mako uku. Ɗaya bai tashi ba. Huɗun sun yi toho, kuma ranar da ta fara tsinka ta aiko mini da guda shida a kwanon sha. Sauran ƙasar tana nan a bayan ɗakinta an tara, muna jiran Maris mu shanya ta.