Taron Matasa Ne, Ko Bikin Manyan Baƙi?

 Idan kai fasto ne, ko dattijon ikkilisiya, ko kana cikin waɗanda ba a kashe ko sisi sai da sa hannunsu, maganar nan taka ce, kuma ba zan shafa mata zuma ba.

Da zarar an ba makarantu dogon hutu, ikkilisiyoyinmu na Nasarawan Doya da na ƙauyukan Maƙarfi, Ikara da Kudan sukan shirya taron matasa. Su wa ke ɗaukar nauyin shirin? Malamin firamare ne, da tela, da ɗan acaɓa, da yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako. Babu mai albashi a cikinsu saboda wannan aiki. Ga watan Agusta, ruwa na zuba, gona na kiran mai ita, amma su bar fartanya su bi ƙauye-ƙauye cikin taɓo suna kai takardun gayyata, suna roƙon kwanon masara, suna aron tabarmi, janareta da lasifika.

To, ranar taro ta zo. Wa ya zauna a gaba? An jera kujeru masu laushi domin uban taro, uwar taro, babban mai ƙaddamarwa, da ɗan siyasar da bai san sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba. Ya makara awa uku, ana ta jan waƙoƙi domin a jira shi. Da ya iso, sai a yanke lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki domin a yi masa kirari. Ka buɗe wasiƙar Yaƙub sura ta 2, inda ya tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, suna barin matalauci a tsaye. Mu kuwa mun mai da abin da manzo ya kira zunubi tsarin taro, har muna buga shi a takarda.

Na san amsarka. Za ka ce taro ba ya yiwuwa sai da kuɗi, kuɗi kuma yana hannun manya. To, mu yi lissafi. Ka haɗa kajin da aka yanka wa teburin manya, da lemo, da kuɗin man mota, da ambulan ɗin sallama. Ka ajiye su kusa da abin da ya shigo hannu da gaske, ban da alkawarin da aka yi ta lasifika aka tafa, wanda har kaka ta wuce ba a gan shi ba. Baƙo ya hau motarsa ya tafi. Mai niƙa da mai janareta kuwa ba su san baƙo ba, shugaban matasa suka sani, shi za su tare a kasuwa. Bayan wannan, mu dattawa mu kira shi gaban majalisa mu ce ya faɗi inda kuɗi suka shiga, alhali ba mu taɓa zama da shi mun duba kasafin ba tun farko. Manzo Bulus, a 2 Korintiyawa sura ta 8, bai bar mutum ɗaya ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi ba. Ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa amintattu domin kada zargi ya sami wurin zama. Wannan kariya ce ga mai riƙon kuɗi, mu kuwa mun hana 'ya'yanmu ita. Shi ya sa wanda ya yi shugabanci bana yakan sunkuyar da kai in ana zaɓe baɗi.

Sai maganar harshe. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, aikin mishan ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Mutane sun ƙarar da ƙarfinsu domin Bahaushe ya ji bishara da harshen uwarsa. Yau kuwa sai mu ɗauko mai wa'azi daga birni ya yi ta zuba Turanci, mai fassara yana binsa da gudu yana zubar da rabin maganar a hanya, yaron da ya taso a gonar rake yana gyangyaɗi. Abin da ke cin ransa, wato shan ƙwaya da ya kama abokansa, kuɗin makaranta, zancen aure, tafiya ci-rani Kano ko Abuja, babu wanda ya taɓo.

Ka tuna gunagunin farko a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura ta 6, tsakanin masu harsuna biyu ya tashi, a kan rabon abinci. Manzanni ba su raina aikin teburi ba. Jama'a suka zaɓi mutum bakwai, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu a gaban kowa, daga cikinsu kuma Istifanas da Filibus suka fito. Yaushe ka taɓa ganin an kira kwamitin taron matasa gaban bagade an yi musu addu'a haka?

Ƙasarmu ƙasar noma ce. Kowace majami'a tana iya ware buhun masara tun da kaka, ko a ba matasa gona a yi mata gayya. Kafin a buga takardar gayyata, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su zauna da kwamiti a rubuta kasafi, a kuma amince cewa bashin da ya rage na ikkilisiya ne. Baƙon da ya makara a nuna masa benci, a ci gaba da nazari.