Ina Ciyayyar Bayan Magariba?

Ya 'yan'uwa, mun tashi a Fagge mun iske magidanta suna haɗuwa a ƙofar gida bayan Magariba, kowa da akushin tuwonsa, ana ciyayya. A nan ake gane wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba, a rufa masa asiri tun bai roƙa ba.

Yau kuwa ɗan kasuwa zai tashi daga Kantin Kwari ya zarce Sabon Gari, ya ci naman da kuɗinsa zai ciyar da iyalinsa kwana biyu, alhali ciyar da su wajibi ne a kansa. Maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, bai sani ba.

Mu koma gida da cefane, mu shimfiɗa tabarma. Allah Ya sa mu dace.