Tsohon Bodi Da Sabon Inji: Motar Da Za Ta Kai Mu Ƙauye

Jama'a, yau maganar mota zan yi da ku, musamman 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da sauran zangunan Kurmi, waɗanda ke tara ɗan abin da Allah ya hore musu da niyyar wata rana su sayi mota su kai gida. Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya yi shekara da shekaru yana tari, sa'an nan ya sayi 'yar Kwatano mai sheƙi, wadda cikinta ke kusa da ƙasa. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma da zarar damina ta sauka, sai a ajiye ta a hedkwatar ƙaramar hukuma, maigidan ya hau babur ya ƙarasa ƙauyensu. A ganina wannan asara ce, kuma akwai wata hanya wadda ta fi dacewa da mu.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi, wato a ɗauki bodin tsohuwar motar daji, kamar Land Rover ko Toyota Land Cruiser ta da, a ɗora shi a kan cesis mai ƙarfi, a sa masa inji da birki na zamani. Cesis kuwa shi ne ƙashin bayan mota, firam ɗin ƙarfen nan mai kama da tsani wanda inji da tayoyi da bodi ke zaune a kansa. A birnin Los Anjalis akwai kamfanin Icon na wani mutum mai suna Jonathan Ward, wanda ke haɗa irin waɗannan motoci da siffar Land Cruiser FJ40, wadda aka fara ƙerawa a 1960, kuma kuɗin guda ɗaya ya haura dala 100,000. Can abin ado ne na masu hannu da shuni. Mu kuwa a nan bukata ce za ta kai mu gare shi, domin hanyar da Bature ke biyan kuɗi ya je ya nema don wasa, ita ce hanyar gidanmu.

Asalin Land Rover kanta haɗe-haɗe ne. A 1947 Maurice Wilks na kamfanin Rover a Ingila ya sa aka haɗa ta farko a kan cesis ɗin Jeep ta sojan Amurka, aka kuma nuna ta ga duniya a birnin Amstadam a 1948. Saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi bodinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Wannan shi ne dalilin da ya sa har yanzu za ka tarar da bodin da ya shekara 50 bai ruɓe ba, ko da injin ya mutu tuni. Mutanen Filifin ma haka suka yi da motocin Jeep da sojan Amurka suka bari, suka tsawaita su suka mai da su motocin haya.

To, me ya sa na ce abin ya dace da mu? Na farko dai, kayan aikin suna nan a hannunmu. A zamanin En'e da farkon jihohi, Land Rover ce motar ma'aikatan gona da na dabbobi da na gandun daji da 'yan sanda, kuma da yawa daga cikinsu suna nan yashe a bayan tsofaffin ofisoshi da garejoji. Busasshiyar iskar Arewa ta fi yi musu adalci bisa ga danshin Ikko. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu a Jihar Taraba, inda tudu ya haura ƙafa 5,000, ya san cewa tsofaffin Land Rover ne ke ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙauyukan da wata mota ba ta kuskura ta shiga.

Na biyu, muna da masu hannu. Wanda ya san Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Ladipo a Mushin, ya san babu ƙarfen da kanikawanmu da masu walda ba za su iya sarrafawa ba. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar haɗa mota ba ce. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, daga baya aka buɗe Leyland a Ibadan da Steyr a Bauci da kamfanin Mercedes a Inugu. Tun kafin wannan ma kafintocinmu ke ɗora bodin katako a kan cesis ɗin Bedford. Bugu da ƙari, tsohuwar mota ba ta da kwamfuta a cikinta, saboda haka in ta tsaya a daji, bakanike mai sifana da filaya zai iya tashinta.

Amma fa ina jan kunne, domin a nan ne rai yake. Yawancin masu wannan aiki a wurinmu da fenti suke farawa, alhali kuwa fenti shi ne na ƙarshe. A fara da cesis: a ɗaga bodi, a kankare, a bi shi da guduma ana ƙwanƙwasawa, domin cesis ɗin Land Rover rufaffen ƙarfe ne, kuma daga ciki yake ruɓewa, inda laka da ruwa ke kwanciya. A duba bangon da ke tsakanin inji da direba, shi ma baƙin ƙarfe ne. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe a sa roba ko fenti mai kauri a tsakani, in ba haka ba danshi zai sa alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari.

Sai maganar birki. Tsofaffin Land Rover, irin waɗanda aka yi har zuwa 1985, birkin ganga gare su, kuma an auna shi ne daidai da ƙaramin injinsu mai lita biyu da kwata. Wanda ya sa mata inji mai ƙarfi ninki biyu, ya bar mata tsohon birki, ya haɗa wa kansa makara mai taya huɗu. Haka kuma giyabos da farfela da aksul, dole ne su iya ɗaukar ƙarfin sabon injin, musamman in an sa giyar taimako ana hawan dutse da kaya. Shi ya sa masu wannan sana'a a Ingila sukan ɗauki cesis ɗin Range Rover, wadda ta fito a 1970 da birkin faifai a tayoyi huɗu, su ɗora tsohon bodi a kansa, domin inji da birki da sifirin su zama 'yan gida ɗaya. Kada kuma a ɗaga mota sama fiye da kima don burga, ko a jibga buhuna a rufinta, domin motar da nauyinta ya koma sama ita ce ke kifewa a kwana.

Na san wasu za su ce tsohuwar mota shan mai gare ta, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a 2023 mai ya yi tsada. Gaskiya ne, kuma wanda aikinsa zirga-zirga ce tsakanin Ikko da Ibadan kada ya kusanci wannan mota. Amma motar ƙauye da wani ma'auni ake auna ta: buhu nawa ta fitar daga gona kafin ruwa ya lalata amfani, kuma ko ta kai mace mai naƙuda asibiti cikin dare a watan Agusta. Wasu kuma za su ce ai gara a sayi Hilux. Wanda ke da hali ya saya, Allah ya sa albarka. Maganata da wanda kuɗinsa bai kai nan ba ne, ko kuwa ƙungiyar 'yan gari guda da za su iya haɗa hannu su yi wa ƙauyensu mota ɗaya.

Akwai kuma hakkin hukuma. A Ingila, wanda ya yanke cesis ko ya sāke shi ƙwarai, sai an yi wa motar jarrabawa ta musamman kafin ta hau titi. Mu ma ya kamata ma'aikatan duba lafiyar motoci na jihohi, da Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, su fito da tsari bayyananne mai sauƙin kuɗi, inda mutum zai kai motar da ya haɗa a gwada birki da sitiyari da walda, a rubuta sabuwar lambar inji a takardunsa. Rashin sanin hanyar da za a bi shi ke sa mutane ɓoye-ɓoye, har a riƙa tare su a kowane shinge. Kai kuma mai saye, kada ka karɓi cesis ko inji ba tare da rasit da takardar shaida ba, domin kayan sata ba ya tsufa a wurin 'yan sanda. Makarantun koyon sana'a na jihohinmu su ma su sa wannan aiki cikin karatunsu, yaranmu su koyi walda da awo bisa ƙa'ida.

Saboda haka 'yan'uwa, a taron ƙungiyarku na gaba, kafin a yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin asusu, a tayar da wannan magana. A aika mutum biyu gida su nemo tsohon bodi mai takardu, a sami bakanike amintacce, a kashe kuɗin a kan cesis da birki tukuna, fenti ya jira kaka. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.