BASHIN GINA MAKARANTU: WA ZA A TAMBAYA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafia

Duk shekara idan damina ta faɗi, maganar gyaran makarantu takan taso a nan Lafia da Doma da Keana da sauran garuruwan Jihar Nasarawa, domin iskar farkon damina ba ta barin kwanon da ya tsufa. A wajen Karu da Mararaba kuwa, inda ma'aikatan Abuja suka tare da iyalansu, abin da ya fi damun jama'a shi ne yara sun fi ƙarfin azuzuwa. Kowa ya yarda a yi gini. Inda ake gardama shi ne inda kuɗin zai fito, kuma cikin hanyoyin da akan ambata har da sayar da takardun lamuni, watau gwamnati ta ci bashi daga hannun masu kuɗi ta riƙa biya da kaɗan-kaɗan har shekaru.

Ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba da Shagamu su kasa kunne ga wannan magana, don da yawanku 'ya'yanku suna karatu a gida, kuma ku ake aiko wa wasiƙa idan ana neman gudummawar kwano da siminti.

A ƙasar Amurka wannan hanya ta daɗe. Idan hukumar ilmi ta wata gunduma tana son gina makarantu, sai ta rubuta yawan bashin da take nema da ayyukan da za ta yi, ta kai gaban masu zaɓe. In sun yarda, a ci bashin, a ƙara musu harajin gidaje har a gama biya. In sun ƙi, shi ke nan. A Jihar Kalifoniya, da can sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun amince. A shekarar 2000 aka sauko da shi zuwa kashi 55 cikin 100, amma da sharaɗi: a jera ayyukan tun kafin zaɓe, a kafa kwamitin mutanen gari mai sa ido, a kuma binciki littattafan kuɗi kowace shekara. A watan Nuwamba na 2024 mutanen jihar suka amince da bashin dala miliyan dubu 10 don makarantu da kwalejoji.

To, a Nijeriya ba haka ake yi ba. Gwamna ne zai kai buƙata Majalisar Dokokin Jiha, majalisa ta amince, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta sa hannu, sannan a ba da umarnin da ba a janyewa cewa a riƙa cire kuɗin biya daga kason jihar na wata-wata tun daga Abuja. Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi ƙuri'ar raba gardama wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye, amma bai ce a tambayi talaka kafin a ci bashi da sunansa ba.

Jihar Nasarawa ta taɓa bin wannan hanya. A farkon 2014, zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, ta sayar da takardun lamuni na Naira miliyan dubu 5, na shekara 7, da ruwa kashi 15 cikin 100. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: ruwan shekara guda a kan wannan jimla Naira miliyan 750 ne. Wa'adin bashin ya kai 2021, bayan wanda ya ciwo shi ya sauka daga mulki a 2019, watau gwamnatin Injiniya Abdullahi Sule ce ta gaji ƙarshensa.

Misalin da ya fi kusa da ku na Jihar Osun ne. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola ta sayar da takardun sukuk na Naira miliyan dubu 11.4 musamman don gina makarantu, kuma ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta yi haka. A tsarin sukuk, masu zuba kuɗi su ne ke da ginin, gwamnati tana biyan su haya har ta fanshe shi, saboda haka wanda yake gudun riba yana iya sa kuɗinsa, kuma kuɗin a ɗaure yake da ginin da ido zai gani. An gina makarantun. Amma da farashin man fetur ya karye a ƙarshen 2014, kason jihohi ya ragu, ana kuma cire wa Osun kuɗin basusuka iri-iri tun daga tushe, sai ga ma'aikata a 2015, har da malaman makaranta, suna bin albashin watanni. Aji mai kyau ba ya koyar da yaro in malami yana jin yunwa.

Akwai kuma kuɗin da ba bashi ba ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga Hukumar UBEC, wadda ke ba kowace jiha tallafin gini da gyara idan jihar ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Naira ɗaya ta jiha ta zama biyu ke nan, ba ruwa, ba biya. Duk da haka hukumar ta sha kokawa cewa jihohi da dama sukan bar nasu kason yana kwance shekara da shekaru. Jihar da ba ta kwashe wannan kuɗi ba, ba ta da bakin maganar cin bashi.

Ba za a iya ɗauko tsarin Amurka dungurungum a dasa a Lafia ba, domin can mai gidan da ya jefa ƙuri'a shi ne zai biya daga aljihunsa, mu kuwa harajin gidaje bai kafu ba a yawancin garuruwanmu. Amma sharuɗɗan nan uku ba sa bukatar gyaran Tsarin Mulki. Majalisar Dokoki tana iya cewa ba za ta amince da wani bashi ba sai an buga sunan kowace makaranta da yawan azuzuwanta da kuɗinta, an karanta a rediyo da Hausa da Eggon da Alago da sauran harsunan jihar, an zauna da jama'a a ƙananan hukumomi 13, an kuma sa iyayen yara cikin kwamitin da zai duba aiki kafin a biya ɗan kwangila.

Ƙungiyoyin 'yan gida da ke Kudu suna da ta cewa a nan. Zaɓen 2027 yana tafe, 'yan takara kuma za su zo Legas da Ibadan neman goyon bayanku. Duk wanda ya yi alkawarin makarantu, ku tambaye shi da wane kuɗi zai gina su. In ya ce bashi, ku nemi ya faɗi ko nawa ne, shekara nawa za a yi ana biya, kuma wa zai riƙe albashin malamai ranar da kaso ya ragu.