Tsohuwar Marsandi wagon: a duba ƙarfe kafin fenti

A 1978 kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera wagon ɗinsa samfurin W123 a birnin Bremen na Jamus, ya ci gaba har 1986. Har yau masu tara tsofaffin motoci suna rububinta, kuma suna da hujja. Mota ce ta alfarma da ba ta ƙyamar kaya: bayanta na da na'urar mai da ke ɗaga shi idan lodi ya yi nauyi, don kada gindinta ya zauna. Injinta na dizal mai silinda 5 kuwa ya yi suna wajen juriya, kuma bakanike na iya kwance shi ba tare da kwamfuta ba.

Sai dai a ganina darajar irin wannan mota tana ga lafiyar jikinta. Tsatsa ce babbar abokiyar gabarta, musamman wadda ta yi shekaru a titunan Turai inda ake watsa gishiri lokacin sanyi. Takan ci ƙasan ƙofofi, da wurin kafa jak, da gefen murfin baya, sabon fenti kuma ya lulluɓe ɓarnar. Wasu za su ce motar zamani ta fi tsaro da tattalin mai, kuma gaskiya ne. Amma mai neman wannan wagon ƙarko da kyawun ƙira yake saye, kuma inji yana gyaruwa cikin sauƙi fiye da ruɓaɓɓen ƙarfe. Mai saye ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya taya.